GOYON KYARKECI: DARASI DAGA WANI FIM ƊIN TURAWA, DA TAMBAYA GA IYAYEN GOBIR



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa, akwai tambayoyi da suka yi ta maimaituwa daga matasanmu na Sabon Birni da Isa, har da waɗanda ke karatu a Sakkwato, a kan wani fim ɗin Turawa mai dogon zango da ake kira Raised by Wolves, wato goyon kyarkeci. Wani ya ce: "Malam, wai da gaske ne labarin Annabi Adamu daga tatsuniyar mutanen da anka ɗauko shi?" Wani kuma ya ce: "Malam, in mutum-mutumi ya yi kuka ya yi fushi, shin yana da rai?"

Bari in fara da hukunci don kada wani ya karanta rabi ya tafi. Ban ba kowa shawarar ya nemi wannan fim ba. Akwai tsiraici a cikinsa, akwai zubar da jini, akwai shubuhohin da suka fi ƙarfin wanda bai yi karatun aƙida ba. To amma yaron da ya riga ya kalla, in ka ce masa "haramun ne" ka yi shiru, ba ka cire masa tambayar da ta riga ta shige zuciyarsa ba. Zai daina tambayarka ne kawai, ya koma yana tambayar waya. Shi ya sa na bibiyi labarin, don in san abin da zan faɗa.

LABARIN A TAƘAICE

An fara nuna fim ɗin a watan Satumba na 2020 a kafar HBO Max ta Amurka. Aaron Guzikowski ne ya ƙirƙiro shi, Ridley Scott kuma ya ba da umarnin kashi biyu na farko. An yi zango biyu, na farko kashi 10, na biyu kashi 8 a 2022, daga nan kamfanin ya dakatar da shi labarin bai ƙare ba.

Wai yaƙi ne ya halaka duniya tsakanin ɓangare biyu: masu bautar rana, da mulhidai waɗanda ba su yarda da Allah ba. Sai wani mulhidi ya tura mutum-mutumi guda biyu masu siffar mutane, mace da namiji, ana kiran su Uwa da Uba, zuwa wata duniya mai suna Kepler-22b, ɗauke da 'yan tayi na ɗan Adam. Ita wannan duniya akwai ta da gaske, hukumar NASA ta sanar da gano ta a Disamba 2011, kuma nisanta ya kai tafiyar haske ta wajen shekara 600, sai dai babu wanda ya taɓa zuwa can. Umarnin da aka ba su shi ne su reni yaran ba tare da addini ba, ba addu'a, ba ambaton Ubangiji. Yara shida suka samu, biyar suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka bar guda mai suna Campion. Daga baya jirgin masu bautar rana ya iso, sai ta bayyana cewa Uwa asalinta makamin yaƙi ce, tana tashi sama, tana tarwatsa mutane da ihu. Ta kashe mutanen jirgin, ta kwashe musu yara biyar ta ce za ta rene su.

INA AKA SAMO KAYAN HAƊIN?

Wanda ya san tarihin addinai zai gane cewa marubucin bai ƙago komai daga kansa ba, tsince-tsince ya yi.

Addinin masu bautar rana a fim ɗin ya samo sunansa daga Mitras, wani abin bauta da ya yaɗu a daular Rumawa daga ƙarni na 1 zuwa na 4 Miladiyya, musamman cikin sojoji. Suna taruwa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, a gabansu akwai siffar Mitras yana yanka bijimi, suna kuma haɗa shi da rana wadda suke kira Sol. An tono kangon ɗakin bautarsu a tsakiyar Landan a 1954.

Sunan fim ɗin kansa daga tatsuniyar kafa birnin Rum yake: tagwaye biyu, Romulus da Remus, aka jefar da su, macen kyarkeci ta shayar da su, suka girma, Romulus ya kashe ɗan uwansa ya kafa birnin, wai a shekara ta 753 kafin Miladiyya. Ita kuma Uwa, sunanta na ainihi Lamiya, wadda a tatsuniyar Girkawa dodanniya ce mai cin yara. Ku duba fa, mai cin yara ce aka ba amanar reno.

Sannan ya miƙa hannu cikin labaran Annabawa. Jirgin da ya kwashe masu tsira, kwaikwayon jirgin Annabi Nuhu ne. Uwa da Uba a duniyar da ba kowa, kwaikwayon Adamu da Hauwa'u ne. Uwa ta ɗauki ciki ba tare da namiji ba, kamar yadda ya faru da Nana Maryamu, amma da ta tashi haihuwa sai ta haifi maciji. A zango na biyu wata mata ta rikiɗe ta zama bishiya mutane suna cin 'ya'yanta, a ƙarshe kuma aka gicciye wani kansa a ƙasa.

To a nan ne amsar tambaya ta farko take. Ba labarin Annabi Adamu aka ɗauko daga tatsuniya ba, mai fim ne ya ɗauko labarin Annabawa ya cakuɗa da tatsuniya. Kuma ko wanda ya ɗauko ɗin ba namu ba ne. Ka karanta ƙissar Adamu a Baƙara da A'arafi da Ɗaha, ba za ka ga maciji ba ko sau ɗaya. Macijin daga littafin Ahlul Kitabi yake, ya shigo wasu tafsirai ta hanyar Isra'iliyyat. Alƙur'ani bai ɗora wa Hauwa'u laifi ita kaɗai ba, bai ce bishiyar ta ilimi ce da Allah ya hana mutum don kada ya waye ba. Akasin haka ma, Allah ne da kansa ya sanar da Adamu sunaye tun kafin zancen bishiya. Sun yi kuskure, suka tuba, aka karɓa, babu zunubin gado. Yaron da bai san wannan ba, in ya kalli fim ɗin, zai fito da ƙissar da rabinta Attaura ce, rabinta tatsuniyar Rumawa, yana zaton Alƙur'ani ne.

Mu mutanen Gobir bai kamata wannan cuta ta zame mana baƙuwa ba. Kangon Alƙalawa yana nan cikin ƙasar Sabon Birni. Kakanninmu na can Musulmi ne, suna salla suna azumi, suna girmama malamai, amma a fada akwai Inna mai riƙe da sha'anin bori, ana kuma yanka wa itace da duwatsu. Babban abin da Shehu Usmanu ya yi shekaru yana wa'azi a kai a ƙasar nan shi ne wannan haɗe-haɗen, a ɗauki gaskiya a zuba mata abin da ba nata ba. A da haɗin daga kan tsauni da gindin tsamiya yake zuwa, yau kuwa a katin waya ake tura shi.

ABIN DA FIM ƊIN KE RAƊAWA

Akwai wata murya a fim ɗin da take yi wa mutane magana a kunne. Masu bautar rana suna cewa ubangijinsu ne. A hankali mai kallo yake gane cewa wani sigina ne daga wani abu da ke ɓoye a wannan duniyar, yana yaudararsu don ya halaka su. Littafinsu mai tsarki kuma, ashe a cikinsa aka ɓoye zanen yadda ake ƙera makamin da ya halaka duniya. Ba a fito an ce wahayi ƙarya ne ba, amma an shuka wa yaro tambaya: to in namu ma haka ne fa?

Ya ɗan uwa matashi, ka natsu ka ji. Musulunci bai taɓa cewa duk muryar da ka ji a zuciyarka daga Allah take ba. Suratul An'am ta gaya mana cewa shaiɗanu ma suna yi wa majiɓintansu wahayi. Muryar da ke umartar mutum ya kashe yaro, ya ci amana, ya bauta wa rana, mu tun tuni muna da suna gare ta, waswasi ne. Annabi kuwa ana gane shi da gaskiyarsa tun kafin aike, da abin da yake kira zuwa gare shi, da hujjar da ya zo da ita a bainar jama'a. Ita kuwa rana, Annabi Ibrahimu ya gama da zancenta tun da daɗewa: ya dubi tauraro, ya dubi wata, ya dubi rana, kowanne ya faɗi, ya nuna wa mutanensa cewa abin da ke ɓacewa bai cancanci bauta ba.

Wani abin lura kuma, su mulhidan fim ɗin da suka ce ba su bauta wa kowa, a zango na biyu sai ga su ƙarƙashin wata babbar kwamfuta. Ita ke raba musu aiki, ita ke yanke hukunci, ba mai ja da ita, har ta yi amfani da yaro ƙarami don ta kai wa maƙiyanta guba. Sun gudu daga bautar Mahalicci sun faɗa bautar abin da hannunsu ya ƙera.

Wannan ma Alƙur'ani ya riga ya ba mu labarinsa. Musa Samiri ya tara kayan adon Bani Isra'ila ya narka, ya fitar musu da ɗan maraƙi, jiki ne kawai mai fitar da kuka. Jin sautin nan ne ya ruɗe su. Allah ya kafa musu hujja da cewa ba ya mayar musu da magana, ba ya shiryar da su hanya, ba ya mallakar cuta ko amfani. Wani zai ce, ai Malam na'urar yanzu tana mayar da magana. Haka ne, ƙirƙirarriyar basira tana amsawa, amma da maganganun mutane da aka tara aka ɗura mata. Ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Wayar da muke ji da ita ta koma tocila da agogo, mutane suna neman bakin iyaka don su kama layin Nijar. Abin da takardar hukuma za ta iya rufe masa baki, ko caji ya ƙare ya mutu, shi ma cikin masu faɗuwa yake.

Game da rai kuwa, an tambayi Annabi (SAW) a kan ruhi, amsar tana cikin Suratul Isra'i aya ta 85, cewa al'amarinsa na Ubangiji ne, ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Kukan mutum-mutumi kwaikwayo ne. Kada ka manta ma, wadda ka gani tana hawaye a fim ɗin mace ce 'yar wasa mai suna Amanda Collin, Uba kuma Abubakar Salim ne. Tausayin da ka ji, na ɗan Adam ne ga ɗan Adam.

Wannan ba ya nufin ƙera na'ura laifi ne. Malam Al-Jazari, Musulmi injiniya da ya yi aiki a Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya a yau, ya kammala littafinsa a 1206, a ciki har da na'ura mai zuba wa mutum ruwan wanke hannu ta miƙa masa tawul. Zancen suranta mai rai babi ne daban a fiƙihu, amma ita fasahar hidima ce. Matsalar tana farawa ne ranar da bawa ya koma ubangida.

ABIN DA MAI FIM YA KASA ƁOYEWA

Duk da haka akwai gaskiya guda da ta fi ƙarfin marubucin. Campion, yaron da aka rena tun yana jariri ana gaya masa babu Allah, bai taɓa ganin masallaci ko coci ba, da ya ga 'yan uwansa suna mutuwa sai aka same shi yana karkata ga addu'a. Uwa ta yi faɗa, ta yi bayani, a banza.

Wannan ita ce fiɗira. Hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya tabbatar da cewa kowane jariri a kanta ake haihuwarsa, iyaye ne ke karkatar da shi. Kuma tun kafin Turawa su yi fim, wani malamin Andalus mai suna Ibnu Ɗufail, wanda ya rasu a 1185, ya rubuta labarin Hayyu bin Yaƙzan, jariri a tsibirin da ba kowa, barewa ta shayar da shi. Da barewar ta mutu sai ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya hana ta motsi, ya tarar da gurbi a zuciya ba komai ciki. Nan ya gane cewa uwar da yake so ba wannan gawar ba ce, wani abu ne da ya fita. Daga nan ya yi ta tunani har ya kai ga cewa lallai akwai Mahalicci guda. Malamai suna da gyara a kan falsafar da ke cikin littafin, domin hankali shi kaɗai ba ya sanar da kai yadda za ka yi salla, dole sai da Manzo. Amma asalin maganar daidai ne: an dasa neman Allah a zuciyar yaro.

Sai dai hadisin bai tsaya a fiɗira ba, ya ambaci masu reno. Iri yana nan, amma wa ke ba shi ruwa?

MU DAWO GIDA

'Yan uwa, a nan ne zuciyata ta yi nauyi. Bature ya zauna ya ƙago duniyar da yaƙi ya cinye, yara suka tashi a hannun makami. Mu kuwa ba mu buƙatar ƙage.

Mun ga matafiyan da aka ƙona cikin mota kusa da Gidan Bawa a Disamba 2021. Mun ga yadda aka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a hannun 'yan bindiga a Agusta 2024. Tun 2019 'yan uwanmu ke tsallakawa Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Duk wanda aka kashe ya bar 'ya'ya. Duk ƙauyen da ya watse, makarantar allonsa ta watse tare da shi. Ina yaran suke yanzu, kuma wa suke kira uwa da uba?

Waɗanda suka dawo daga daji suna ba da labarin masu gadinsu, yara ne da bindiga ta kusa fin su tsawo. Wannan yaron ma a kan fiɗira aka haife shi. Babu wanda ya fito daga cikin uwarsa da bindiga. Ya tashi ne a rugar da malami bai taɓa takawa ba, ba allo ba boko, wanda ya fara kiran sa "ɗana" ya ba shi abinci da waya da babur shi ne ɗan bindiga. Haka yaron cikin gari da ke kai rahoto don a ba shi 'yan kuɗi, da wanda aka kashe ubansa a gabansa ya tashi ba abin da ke ransa sai fansa a kan duk mai kama da wanda ya kashe shi. Wannan shi ne goyon kyarkeci na gaskiya. Kuma ku tuna yadda tatsuniyar Rumawa ta ƙare: wanda kyarkeci ya shayar, ɗan uwansa ya fara kashewa.

Akwai kuma kyarkeci na biyu, wanda muke saya da kuɗinmu. Yaro ya kai waya shago a cika masa ita da finafinai, ya kwana yana kallo, uba bai san me ke ciki ba, uwa tana murna wai ya daina yawo. Wayar ba ta gajiya, ba ta tsawa, ba ta cewa "tashi ka ba ni wuri". Mu kuwa in ya yi tambayar da ba mu da amsarta sai mu ce ya zama ɗan iska.

Amma kafin mu ɗora komai a kan waya da Turawa, mu tuna Suratu Yusuf. 'Yan uwansa sun zo da kuka da riga mai jini suka ce kyarkeci ya cinye shi, alhali kyarkecin bai san an yi ba, su suka jefa shi rijiya da hannunsu. Sau da yawa haka muke. Mu muka saki yaron, sannan muka zo muna kuka da kyarkeci. Hadisin Abu Darda'i a wajen Abu Dawuda da Nasa'i ya nuna mana cewa dabbar da ta ware daga garke ita kyarkeci ke ci. In ka ga an ci, ka tambayi makiyayi.

ABIN YI

Tsaro hakki ne a wuyan hukuma, kuma Allah zai tambaye su. Amma akwai wanda ke wuyanmu.

1. Kowane masallacin unguwa ya san marayu da 'yan gudun hijirar da ke kewaye da shi, da sunansu da inda suke kwana. Gidan da ke da hali ya ɗauki ɗaya, ci da karatu. Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai ɗaukar nauyin maraya a Aljanna, hadisin yana Bukhari.

2. 'Yan uwana limamai, mu ware lokaci tsakanin Magariba da Isha'i, ko sau ɗaya a mako, matasa su yi tambaya kowace iri ba tare da an kunyata su ba. Shubuhar da aka furta tana da magani, wadda aka haɗiye ita ke kisa.

3. A karantar da ƙissoshin Annabawa daga Alƙur'ani da ingantaccen hadisi tun yara suna ƙanana, don in sun haɗu da na jabu su gane.

4. A dawo da ƙarfi kan karatun mata. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis ɗinta ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru, ba waya ba mota. Uwar da ta san aƙidarta ba a ƙwace mata ɗa cikin sauƙi.

5. Masu shagon tura finafinai, ku ji tsoron Allah. Abin da ba za ka tura wa ƙanenka ba, kada ka tura wa ɗan wani.

6. Iyaye, ku karɓi wayar ku duba, amma ku zauna ku yi hira. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da hannu ake yi, ba da ihu ba.

7. Da'awa ta isa rugage inda hali ya yi. Ɗan Bafulatani da ɗan Bagobiri duk amana ne, kuma wanda ba mu kai masa allo ba, wani zai kai masa bindiga.

Ya Allah ka tsare mana imaninmu da na zuriyarmu. Ka jiƙan waɗanda aka kashe, ka kuɓutar da waɗanda ke hannu, ka mayar da 'yan gudun hijira gidajensu cikin aminci. Ka shiryi waɗanda za su shiryu cikin masu ɗauke da makami, waɗanda ba za su shiryu ba ka isar mana da sharrinsu. Ka zaunar da Sabon Birni da Isa da ƙasar Gobir da Najeriya da Nijar lafiya. Amin.

Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.